Wane allon sunobod zan saya don yanka da hawan yau da kullum?

Wani ɗalibi da ke karatu a Kayseri ta ƙasar Turkiyya ya aiko da tambaya. Ya ce hunturu biyu ke nan yana hawan sunobod, wato allon da ake ɗaure ƙafafu biyu a kansa a gangaro a kan dusar ƙanƙara, a dutsen Erjiyes da allon haya. Yana sauko wa hanyoyi masu shuɗiyar alama (masu sauƙi) da masu ja (matsakaita) ba tare da ya sha ƙasa ba, sai dai duk juyinsa na gogewa ne, wutsiyar allon tana share dusar ƙanƙara tana watsawa. Yana son ya koyi yanka, irin juyin nan da mutum ke kwantawa gefe allon yana bin layi ɗaya. Nauyinsa kilo 78, tsawonsa santimita 178, takalmin da ake ba shi a wurin haya lamba 44. Kuɗinsa na allo ɗaya ne tak, wanda zai yi yanka da shi kuma ya shiga ko'ina a dutsen. Wanne zai saya?

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ga amsar a dunƙule: ka nemi allo mai kamba tsakanin ƙafafu, wato wanda tsakiyarsa ta ɗan ɗaga sama, tsawonsa santimita 157 zuwa 159, ƙugunsa tsakanin milimita 258 da 265, taurinsa ya ɗan haura matsakaici, lanƙwasar gefensa mita 7.5 zuwa 8.5. Amma kada ka fitar da ko lira ɗaya a kan allo sai ka sayi takalmi. A cikin lambobin nan da na jera, faɗin ƙugu shi ne wanda in aka kuskure babu gyara, kuma daga takalmi ake samo shi. Ni kuwa lamba 44 ɗin nan taka ban yarda da ita ba.

Bari mu fara da abin da kake nema daga allon. A juyin gogewa, goshin allo yana kallon wani wuri, tafiyarsa tana wani wurin, bakin ƙarfen yana kankare saman hanya. A juyin yanka, kana kafa allon a kan bakinsa, ka danne shi da nauyinka har ya lanƙwashe, sai bakin gaba ɗaya daga goshi zuwa wutsiya ya bi ta rami guda. Bambancin majemi da baduku ke nan: ɗaya yana jan wuƙa a kwance yana kankare fata, ɗayan ya tsayar da kaifin yana yanka ta. In ka waiwaya bayan juyi mai kyau, abin da za ka gani layi ne siriri wanda faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Kafin hakan ya yiwu sai bakin ya kama, sai allon ya lanƙwashe gwargwadon nauyinka, sannan sai ya zama babu wani abu na jikin takalminka da ya taɓa ƙasa yayin da allon ya karkata. Mutane suna ɓata makonni suna muhawara a kan na farko da na biyu, alhali na ukun ne ya fi kayar da masu ƙafa irin taka.

Masu ba da haya kusan kullum babban takalmi suke miƙa wa mutum, don kada ya dawo da ƙorafin matsi layi na jira. Shi kuwa takalmin sunobod ba a auna shi da lambar takalmin zuwa masallaci. Ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, tsarin da ake kira mondo. Ka shimfiɗa takarda a jikin bango, ka taka da safar da za ka hau da ita, dunduniya manne da bango, nauyinka a kan ƙafar, ka ja layi a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Ka auna ƙafafun biyu, ka ɗauki babbar. In ta ba ka santimita 28, takalminka mondo 28 ne, wanda a yawancin kamfanoni ya zo daidai da 43 na Turai, ko 10 na Amurka. Mafi yawan waɗanda suke shigo mana shago da maganar 44, in an auna sai a tarar da 27.5 ko 28. Sabon takalmi da ya dace, in ka miƙe tsaye yatsunka za su taɓa gaba ba tare da sun naɗe ba, in ka lanƙwasa gwiwa su ɗan ja baya, dunduniya kuma ta zauna daram ba ta ɗagawa. Soson ciki yana saki bayan 'yan kwanaki na hawa, kusan rabin lamba, saboda haka wanda ya yi maka daɗi sakayau a shago zai zama kwararo kafin ƙarshen Janairu. Dunduniyar da ke ɗagawa kuwa tana kashe yanka a kan bakin allon da ke ɓangaren yatsu gaba ɗaya: ka danna ƙwauri, ƙafa ta motsa a cikin takalmi, allon bai ji komai ba. Ka zaɓi mai matsakaicin tauri ko sama da haka kaɗan. Ko igiya ce, ko maɓallin BOA da ake murɗawa, wannan son rai ne, sai dai in BOA ne ka nemi mai maɓalli biyu don ka iya matse idon sawu daban da saman ƙafa.

To yanzu faɗi. Lambar da kamfanoni ke bugawa ita ce ta ƙugu, wato wurin da allon ya fi tsukewa a tsakiya. Inda ƙafafunka suke zama ya fi ƙugun faɗi da kamar santimita 1. Allon maza na gama-gari ƙugunsa milimita 248 zuwa 255 ne, waɗanda ake liƙa wa harafin W kuwa daga 260 suke farawa ko kusa da haka. Tsohuwar ƙa'idar shago ita ce sai mai lamba 44.5 ko 45 yake bukatar mai faɗi. Wannan ƙa'ida ta masu gogewa ce, waɗanda allonsu ba ya karkata ya wuce digiri 30. Mai yanka yana kai 50, yana kai 60.

Yi lissafin da kanka. Takalmi mondo 28, tsawonsa ta waje ya kai santimita 30 ko 30.5. In ka karkatar da ƙafar digiri 15, abin da ya gitta allon ya ragu zuwa kamar 29.5. Allo mai ƙugu 250 yana da kamar santimita 26 a ƙarƙashin ƙafa. Ka ga saura santimita 3.5 a waje, rabi ta yatsu rabi ta dunduniya. A kan daskararriyar hanya da sassafe za ka iya tsira. Da rana ta ɗaga dusar ta yi laushi, bakin yana nutsewa ya haƙa rami, gefen ramin ya tashi ya tari takalmin. Abin da ke biyo baya duk mai yanka ya san shi: kana tsakiyar juyi a kan bakin da ke ɓangaren dunduniya, komai lafiya lau, sai zoben bayan maɗauri, abin da ke riƙe takalmi a jikin allo, ya daki dusa, bakin ya ɗaga sama, ka tsinci kanka zaune kana zamewa da mazaunai. Mutum ya tashi yana zargin kaifin allo ko rashin iyawarsa, alhali milimita 10 ne suka gaza. Ƙafar baya ta fi shiga wannan matsala, don ita ce ta fi kusa da gittawa sosai, kuma a alluna da yawa wutsiya ta fi goshi tsukewa.

Akwai gwajin da za ka yi a kan dardumar shago kafin ka biya. A ɗaura maɗauran a jikin allon, a sa takalman a ciki a matse, sai ka karkata allon a kan bakinsa har wani abu ya taɓa ƙasa, ka ɗora waya mai manhajar auna kusurwa a kansa. Ka yi ta yatsu, ka yi ta dunduniya. In ya kai digiri 60 kafin ya taɓa, ya ishe ka shekaru. In a 50 ya tsaya, a kawo wani. Sai dai kada jin haka ya sa ka zarce. Allo mai faɗi fiye da kima yana da nawa wajen sauyawa daga baki zuwa baki, yana gajiyar da sha-raɓa, kuma a kan ƙanƙara mai tauri yana ƙoƙarin komawa kwance yana murɗa maka idon sawu. Shi ya sa na tsaya a 258 zuwa 265 in ƙafarka 28 ce. In aka auna ta tabbata 29 ce, to ka hau zuwa 263 har 270.

Sai maganar kamba. Ka ajiye allo a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri ka duƙa ka leƙa ta gefe. In tsakiyarsa ta ɗaga 'yan milimitoci, wurare biyu kawai ke taɓa ƙasa kusa da goshi da kusa da wutsiya, wannan kamba ne. In tsakiyar ce ke ƙasa goshi da wutsiya suka ɗaga, roka ne. Amfanin kamba ga mai yanka shi ne, da ka taka shi ka shimfiɗe shi, yana tura nauyinka har ƙarshen baki gaba da baya, don haka duk tsawon ƙarfen yana cizo. Kuma ƙarfin da ka danne a tsakiyar juyi yana dawo maka da shi a ƙarshe, ya cilla ka cikin juyi na gaba. Wannan cillawar ce daɗin yanka, wanda bai taɓa jin ta ba ba zai gane abin da ke sa mutane sammako a sanyin Erjiyes ba.

Har wajajen 2006 kusan kowane allo a kasuwa kamba ne. Sai kamfanin Lib Tech na jihar Washinton a Amurka ya fito da Skate Banana mai roka tsakanin ƙafafu, kasuwa ta ruɗe, cikin 'yan shekaru kowa ya koma yin roka. Dalilin karɓuwarsa a fili yake: baya harɗe mai koyo, yana juyawa da ɗan motsi, yana iyo a sabuwar dusa mai zurfi. Saboda haka ne ma allunan haya da yawa roka ne ko shimfiɗaɗɗu, kuma ina kyautata zaton irinsa ka hau hunturu biyun nan. Amma a kan hanya mai tauri da gudu, goshi da wutsiyar roka suna ɓari, kamun yana taruwa a tsakiya kaɗai, sai ka ji allon yana son juyawa a ƙarƙashinka ba da izininka ba. Yanzu kasuwar ta dawo tsakiya, yawancin alluna gauraye ne, kuma nan ne ake ruɗa mai saye, domin gaurayen iri biyu ne masu hali daban. Akwai mai kamba tsakanin ƙafafu da ɗan roka a can goshi da wutsiya. Akwai kuma mai roka a tsakiya da 'yan kamba biyu, ɗaya ƙarƙashin kowace ƙafa, irin wanda Burton ke kira Flying V. Na farkon shi ne naka. Na biyun allo ne mai daɗin wasa, amma a ranar da iska ta share dutsen ta bar ƙanƙara, za ka ji kamar tsakiyarsa na lilo. Kowane kamfani da sunan da ya laƙaba wa nasa gaurayen, kada ka damu da sunan, ka duba zanen gefen allon da suke bugawa, ko ka kwantar da shi a ƙasa ka gani da idonka. Gani ya kori ji.

Cikakken kamba fa, wanda babu roka ko kaɗan? Ya fi kowa kamu, kuma wanda ya yi hunturu biyu zai iya da shi. Sharaɗinsa shi ne ba ya yafe sakaci. Ka saki jiki a shimfiɗaɗɗiyar hanya allon a kwance, bakin da ke fuskantar gangare ya ci, sai ka ji ka a ƙasa kafin ka san me ya faru. In kana da haƙurin mako ɗaya ko biyu na sabawa, ba zan hana ka ba, kuma hular kwano dole ce ko wanne ka saya.

Lanƙwasar gefe ita ce ke yanke girman juyinka. Gefen allo ba miƙaƙƙe ba ne, ya shiga ciki a ƙugu. In aka ci gaba da zana wannan lanƙwasa har ta rufe da'ira, nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta shi ne lambar da ake rubutawa da mita. Sai dai juyin da za ka yi a zahiri ya fi lambar ƙanƙanta, don gwargwadon karkatar allon, gwargwadon lanƙwashewarsa. A ƙiyasi, allo mai mita 8 in ya karkata digiri 45 zai zana da'ira ta kamar mita 5.7, in ya kai digiri 60 ta koma mita 4. Daga nan za ka gane abin da ke faruwa da ƙananan lambobi. Mai mita 6 ko 6.5 yana da daɗi a tafiya a hankali da kan hanya mai cunkoso, amma da ka ƙara gudu ka kwanta, sai ya fizge ka cikin juyin da ya fi ƙarfin gwiwarka. Mai mita 10 zuwa sama kuma yana son gudu da fili, ba ya fara aiki sai ka kai saurin da mai hunturu biyu bai kamata ya kai ba ranar Asabar da yara cike da hanya. Kamfanin Jones ya fito da wannan bambanci ƙarara a allunansa biyu, Freecarver 6000s da 9000s, inda lambobin ke nuni da kusan mita 6 da mita 9. Ga wanda allonsa ɗaya ne, mita 8 ko kusa da ita ce mazauni. Hanyoyin Erjiyes suna da faɗi, babu itatuwa, don haka in za ka karkata wani ɓangare, ka karkata sama, 8.5 ta fi 7 dacewa da wurin.

Tsawo ba zan daɗe a kai ba. Ka manta da maganar allo ya kai haɓa ko hanci, allo bai san tsawonka ba, nauyinka yake ji. Kowane kamfani yana buga iyakar nauyi a gaban kowane tsawo, ka nemi wanda kilo 78 ya faɗa tsakiyarsa, ka tuna kayan sanyi da takalmi suna ƙara maka kilo 4 ko 5. A galibin alluna hakan zai kai ka 157 zuwa 159. Lambar da ta fi tsawon muhimmanci ita ce ta bakin da ke taɓa ƙasa in an karkata allon, ita ma suna bugawa. Alluna biyu masu 158 za su iya bambanta da santimita da yawa a nan, don wani dogon goshi ne ya cinye tsawonsa. Wajajen santimita 120 zuwa sama kake so.

Tauri kuwa, lambobin 1 zuwa 10 da suke rubutawa babu hukumar da ta daidaita su, 6 na wannan kamfani zai iya zama 7 na wancan. Duk da haka 6 ko 7 kake nema. Mai laushi yana naɗewa a tsakiyar juyi in ka danne shi da gudu. Mai tauri sosai kuma, in ba ka da nauyi ko saurin lanƙwasa shi, shi zai riƙa tuƙa ka, kuma da yamma in hanya ta zama tudu-tudu zai wahalar da cinyoyinka. Matasa suna son sayen mafi tauri don a ce sun iya. Da yawa daga irin waɗannan alluna a kasuwar gwanjo suke ƙarewa.

Game da siffa, tambayi kanka gaskiya: kana tafiya da ƙafar baya a gaba? Kana shiga filin tsalle-tsalle? In amsar a'a ce ko jefi-jefi, ba ka bukatar allon da goshinsa da wutsiyarsa suke daidai wa daida. Ka ɗauki wanda mazaunin ƙafafu ya ja baya da santimita 1 zuwa 2, goshi ya ɗan fi tsawo da laushi, wutsiya ta ɗan fi tauri. Goshin yana shigar da kai juyi cikin sauƙi kuma yana ɗagawa a sabuwar dusa, wutsiyar tana riƙe ka a ƙarshe. Erjiyes tsohon dutse ne mai aman wuta, ƙololuwarsa mita 3,917, hanyoyin suna farawa daga wajajen mita 2,200 a mashigar da ake kira Tekir su haura 3,300, kuma fili ne fetal da iska ke kaɗawa. A rana ɗaya za ka iya samun hanyar da mota ta gyara da safe, fale-falen ƙanƙara inda iska ta share, da tarin dusa mai laushi a kwarin da ta zuba. Allon da aka ƙera don zurfin dusa kaɗai, mai tsukakkiyar wutsiya sosai ko tsagaggiya, na Hokkaido ne a Japan inda dusa ke zuba kusan kullum.

Wataƙila ka ga masu tsere a dutsenku, tunda an yi gasar cin kofin duniya ta sunobod a Erjiyes a 2016, ta zagaye tutoci mutum biyu a jere. Allunansu na maza sun haura santimita 180, ƙugu kamar santimita 20, takalmi na roba mai tauri irin na masu siki (masu zamewa da siraran alluna biyu, ɗaya a kowace ƙafa), ƙafafu biyu suna kallon gaba. Irinsa Ester Ledecka ta Jamhuriyar Cek ta ci zinare da shi a gasar Olamfik ta 2018 da ta 2022, kamfanoni irin su Kessler na Suwizalan ke ƙera su. Babu abin da ya kai su yanka, babu kuma abin da ya kai su rashin amfani da zarar ka bar gyararriyar hanya. Ka kalla ka yaba, ka wuce.

Gajerun alluna masu faɗi, waɗanda Ride Warpig ya yi wa suna, sun fi jan hankalina a lamarinka, don suna magance matsalar takalmi kai tsaye. Ana hawansu da ragin santimita 6 zuwa 10 daga tsawon da mutum ya saba. Amma ragin tsawo ragin baki ne, kuma lanƙwasarsu galibi ƙarama ce. A dusa mai laushi abin sha'awa ne, a kan ƙanƙara da gudu kuwa za ka nemi bakin da babu shi. A matsayin allo na biyu, madalla. In dai sai shi, Superpig ɗin da ke da kamba ya fi kusa da bukatarka.

Sunaye kuma, ga waɗanda zan sa a gabanka in ka shigo shagonmu. Burton Custom mai kamba, wanda ake yi tun 1996 kuma har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, ka nemi mai W, ka kuma tabbatar ba Flying V aka miƙo maka ba don sunansu ɗaya. Capita Mercury, wanda ake ƙerawa a Ostiriya, kamba ne a tsakiya da roka a ƙarshe, yana da ƙarfi ba tare da mugunta ba. Jones Mountain Twin in kana son ka riƙa wasa da baya, Jones Flagship in zuciyarka ta fi karkata ga gudu da barin hanya, sai dai shi ya fi tauri. Nitro Team mai kamba shi ma yana cikin sahu kuma kuɗinsa kan yi sauƙi. In kuma yankan ne ya cika maka rai har kashi bakwai cikin goma, duba Korua Café Racer, farin nan mai jan ciki, wanda mai tsawon 159 ƙugunsa ya doshi milimita 270. Da a ce ni ne kai, da ƙafa 28 da kuɗin allo ɗaya, tsakanin Mercury da Custom zan tsaya, wanda aka fi yi wa rangwame shi zan ɗauka. Ƙasan allo iri biyu ne, akwai mai shan kaki sosai mai gudu wanda ake sa wa masu tsada, akwai na araha mai sauƙin gyara, kuma duk waɗanda na ambata masu kyaun suke da shi ko kusa da haka. Baki mai 'yan tudu-tudu irin Magne-Traction na Lib Tech yana taimakawa a ƙanƙara, amma bakin da aka wasa da kyau ya fi shi muhimmanci.

Maɗaurai su yi daidai da takalmi a girma, su yi daidai da allo a tauri. Abin lura ɗaya: allunan Burton dogon rami biyu gare su maimakon ramukan sukuru, don haka ka tabbatar faifan maɗaurinka yana shiga, yawancin na zamani suna zuwa da faifan da ya dace. In ka ɗaura, ka daidaita takalmin ya zauna tsakiyar allo, abin da ya fita ta yatsu ya yi daidai da na dunduniya. Wurin haya kan ba da digiri 15 gaba da 15 baya, ƙafafu a buɗe. Don yanka, fara da 21 a ƙafar gaba da 6 ta baya a buɗe, in ka saba ka gwada juya ta bayan ita ma ta kalli gaba da digiri 6, ta gaban ta koma 24 ko 27. Faifan yana tafiya uku-uku ne, ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan, sukurudireba a aljihu. Za ka ji ƙugunka ya buɗe wajen juyin dunduniya, kuma fitar takalmi ta ragu. Ka kuma tura majinginin da ke bayan maɗauri ya ɗan sunkuyo gaba, daraja biyu ko uku, shi ne ke sa bakin dunduniya ya kama da wuri.

Lokacin saye, daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu shaguna ke karya farashi, kuma samfurin bara da na bana sau da yawa fenti ne kawai ya raba su. Na hannu ma babu laifi in ka iya dubawa, amma araha ba ta ado, kada ka saya daga hoto. Ka bi bakin ƙarfen da farce daga goshi zuwa wutsiya ta kowane gefe, kana neman tsagewa ko wurin da ya lotsa ciki, musamman tsakanin ƙafafu inda duwatsu ke duka, kuma a Erjiyes duwatsun farkon hunturu ba sa wasa. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, tana fita. Ƙarfen da ya tsage kuwa, ka bar musu kayansu. Ka duba inda fatar sama ta haɗu da gefe ko ta fara ɓarewa, don ruwa na shiga ya ruɓar da katakon ciki. Ƙarzuwa a ƙasa ana cike ta, amma ramin da ya kai har katako kusa da baki matsala ce. Ka ɗaura sukuru a kowane rami ka ji yana kamawa. Sannan ka kwantar da shi a ƙasa ka leƙa: in an ce kamba ne amma tsakiyarsa ta kwanta, ya gaji, ba zai cilla ka ko'ina ba.

Ko sabo ko na hannu, ka kai shi wurin mai gyara a sa masa kaki da dutsen guga, a wasa gefen bakin a digiri 89 ko 88, na ƙasa a bar shi a digiri 1. Ka faɗa masa a fili cewa yanka za ka yi, kada ya dakushe maka bakin kusa da goshi da wutsiya, domin wasu suna yin hakan da magagari ba tare da sun tambaya ba, al'adar da suka saba yi wa allunan haya da na masu hawan ƙarafa a filin tsalle. Bayan kowane hawa ka goge bakin da tsumma kafin ka sa allon a jaka.